Yadda nake bin sawun kebul a ƙarƙashin ƙasa kafin a fara tono

Na'urar da muke yawo da ita wajen neman kebul ba kebul ɗin take gani ba. Abin da take ji shi ne maganaɗisun da ke kewaye waya zobe-zobe idan wuta na gudana a cikinta. Ƙarfinsa na raguwa da nisa: in nisan ya ninka, sai ya koma rabi. Duk dabarun aikin daga nan suka fito.

Nakan fara da sauraron wutar da ke cikin layin, wato mai 50 Hz (Hz shi ne yawan kai-komon wuta a daƙiƙa guda). Wannan share fage ne kawai. Kebul na iya ɗauke da wuta amma ba a jan komai daga gare shi, ka wuce ta kansa na'ura ba ta ce uffan ba. Haka ma kebul mai layi uku: idan nauyin ya daidaita, maganaɗisun wayoyin kan kashe juna, abin da ke isowa sama kaɗan ne.

Shi ya sa nake tura sigina na kaina. Nakan maƙala zoben na'urar turawa a jikin kebul inda ya fito fili, in zaɓi sigina mai 8 kHz (Hz dubu takwas). Mai 33 kHz ya fi saurin kamawa, sai dai yana da tsalle, yakan haye kan bututun ƙarfe da wayoyin da ke kusa, ya kai ka inda ba can ka nufa ba.

Inda aikin yake shi ne gwaji biyu. Naɗe-naɗen waya ne a cikin na'urar neman ke jin maganaɗisun: na kwance yakan nuna ƙarfi mafi yawa daidai kan kebul, na tsaye kuwa a nan yake yin tsit. Nakan ratsa layin a hankali, in sa alamar fenti a inda kowanne ya nuna. Wata rana alamun biyu suka rabu da kusan taku guda. Na ce wa mai katafila ya kashe injinsa, muka sa shebur. Ashe wani tsohon kebul ne kwance a gefe, babu shi a taswira, shi ke karkatar da maganaɗisun. (Taswira dai ina dubawa, amma ba na rantsuwa da ita.)

Zurfi kuma na'ura kan lissafa shi daga bambancin naɗin kwance guda biyu, na sama da na ƙasa. Ni sai na tabbatar da kaina: da naɗin kwance guda ɗaya a dab da ƙasa, nakan matsa gefe har ƙarfin ya koma rabi, tazarar da na yi ita ce zurfin. Lambar tana nufin tsakiyar kebul ne, ba samansa ba, kuma kusa da kwana ko mahaɗa ba ta da tabbas. A irin wurin nan nakan matsa 'yan mitoci zuwa inda layin ya miƙe in sake aunawa.