Wane ne bawan nan na Ishaya 53?

Daren jiya na ajiye fassarar Yahudawa kusa da Littafi Mai Tsarki na, ina bin Ishaya sura 53 aya bayan aya. Gaskiya abin ya tsaya mini a rai.

Mu Kirista mun tashi da sanin cewa bawan da ya sha wahala Yesu ne. Haka ma Filibus ya bayyana wa mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Amma Rashi, malamin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya ce bawan nan al'ummar Isra'ila ce, kuma Yahudawa suna da abin kafa hujja: a Ishaya 41:8 Allah ya kira Isra'ila bawansa. Shi ya sa a Ishaya 53:8 wasu fassarorinsu suka ce "aka buge su", namu kuwa "aka buge shi".

Bangaskiyata tana nan daram. Sai dai ina jin ciwon yadda muke saurin cewa ra'ayin Yahudawa taurin kai ne kawai, ba mu taɓa zama mun ji hujjar mutanen da suke karanta Ishaya da Ibrananci a majami'unsu ba.