Awon yara a Agege: yadda muka gudanar da aikin kwas ɗin abinci mai gina jiki

Aikin da aka ba rukuninmu a kwas ɗin ilimin kiwon lafiya da abinci mai gina jiki, a Jami'ar Legas da ke Akoka, kashi biyu ne: mu auna yanayin gina jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a wata unguwa, sannan mu shirya wa iyayensu mata darasi bisa abin da muka gano. Na nemi a ba mu unguwar Hausawa ta Agege, saboda ina jin harshen, kuma yaran irin waɗannan unguwanni kan ɓace a cikin alƙaluman jihar Legas baki ɗaya. Abin da na fi riƙewa daga aikin shi ne, ingancin rahoto a tsakar gida ake samun sa, lokacin da ake tambayar watannin yaro da abin da ya ci jiya. Idan an ɓata shi a nan, babu manhajar da za ta gyara.

Shiga unguwa yana da ƙa'ida. Takardar sashe da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike suna buɗe ƙofar cibiyar lafiya matakin farko, amma ba sa buɗe ƙofar gida. Sai an je fadar Sarkin Hausawa an yi gaisuwa, an ga liman, an yi bayani dalla-dalla cewa ba allura za a yi ba, ba jini za a ɗiba ba, ba kuma ƙidayar gwamnati ba ce. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a Legas, inda mutane ke ɗari-ɗari da duk mai rubuta sunaye saboda fargabar rusau. Gidaje da yawa ba shiga ne, don haka mata ne ke shiga da kayan awo, maza su tsaya neman izinin maigida. Lokacin da ya fi dacewa daga hantsi ne zuwa azahar. Ranar Juma'a a bar ta.

Wajen lissafin yawan yaran da za a auna, mun ɗauki kashi 37 cikin 100, wato yawan tsumburewar yara a Najeriya bisa binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018. Da tabbacin kashi 95 da kuskuren kashi 5, lissafin ya ba da 358, aka ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ƙi, ya zama 394. Wanda zai zaɓi gidaje layi-layi maimakon ɗaiɗaiku ya sani cewa wannan adadin bai isa ba, domin yaran layi ɗaya kan yi kama a ci da sha, dole a ƙara. A takardar tambayoyi kuma a saka daɗewar iyali a Legas da harshen da ake yi a gida. A nan duk ɗan arewa Bahaushe ne a bakin mutane, alhali akwai Barebari da Fulani da Zabarmawa, akwai iyalin da kakanninsu a Agege aka haife su, akwai waɗanda bara suka sauka. Abincinsu ba ɗaya ba ne.

Watannin yaro su ne wurin da aiki ya fi lalacewa, don haka zan daɗe a kansu. A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, namiji ɗan wata 24 ana cewa ya tsumbure idan tsayinsa bai kai santimita 81.0 ba. Ɗan wata 30 kuwa iyakarsa 85.1 ce. To ga yaro mai santimita 84: idan aka rubuta shi wata 24, lafiyarsa ƙalau, idan ainihin watanninsa 30 ne, tsumburarre ne kuma an rasa shi. Uwa kuwa idan ka tambaye ta, za ta ce shekararsa biyu, kuma gaskiya ta faɗa, domin har ya cika uku ɗan shekara biyu ne. Saboda haka katin awo ko na rigakafi ake fara nema. Idan babu, sai jadawalin abubuwan da suka faru, wanda muka tsara tun kafin mu fita: Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah na kowace shekara da kwanakinsu na boko (a 2023 sun kama 21 ga Afrilu da 28 ga Yuni, a 2024 kuma 10 ga Afrilu da 16 ga Yuni), watan Mauludi, hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas ranar 1 ga Yunin 2022, wahalar canjin kuɗi da zaɓen Fabrairun 2023, da cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Ba a ɗaukar kwanan Sallar bana a liƙa wa ta bara, tunda shekarar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara. Tambayar takan tafi haka: "Hajiya, da aka yi layya lokacin, kin haihu ko kina da cikinsa?" Idan ta ce ta haihu, sai a bi da, "Kin yi arba'in kafin Sallar ko bayanta?" Da tambaya biyu ko uku ake matse watan.

Awon kansa ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Sikeli a ɗora shi a daɓen siminti, ba kan tabarma ko ƙasa mai gangara ba, a gwada shi kowace safiya da abu mai sanannen nauyi. Yaron da ba ya tsayuwa, a auna uwa ita kaɗai, a mayar da sikelin sifili, sannan a miƙa mata shi. A cire takalmi da kaya masu nauyi da jiƙaƙƙen nafkin, a rubuta nauyi har zuwa 0.1 na kilo. Wanda bai kai wata 24 ba a kwance ake auna tsawonsa, mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai jikin allo, ɗaya ya danne gwiwoyi ya turo katakon ƙafa. Daga wata 24 a tsaye. Idan tilas ta sa aka auna babba a kwance, a rage santimita 0.7, ko a nuna wa manhajar lissafin awon yadda aka auna ta gyara da kanta. Kitson 'yan mata mai tudu yana ƙara tsayi, a roƙi uwa ta kwantar da shi.

Tef ɗin awon damtse na yara ne daga wata 6 zuwa 59. A lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, a yi alama, sannan a saki hannun ya miƙe kafin a zagaya tef. Masu gaggawa kan auna hannun yana lanƙwashe, ko su ja tef har ya shige fata. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Daga 12.5 kore. Kowane yaro a danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsu na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da tef ya nuna kore. Ja ko kumburi, a ranar ake rubuta takardar turawa cibiyar lafiya, kuma ra'ayina shi ne ɗalibi ya raka uwar da ƙafarsa. Bai halatta yaro ya zama lamba a rahotonka ka wuce ka bar shi ba.

Sai tambayar abin da yaro ya ci a awa 24 da suka wuce. Kada a karanto wa uwa jerin abinci tana cewa e ko a'a, za ta amsa abin da take ganin ana so. A bar ta ta bi ranar daga asuba: koko, shayi da burodi, taliyar Indomie, tuwo da dare. Zagaye na biyu a tono abin da ke cikin kowane: kokon da madara ko gaya, miyar ta mece ce, yaron ya ci naman ko romo kawai aka zuba masa. Zagaye na uku na abin da aka ci a waje ne, biskit da alewa da cincin da yayye ke saya masa, wanda uwa kan manta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 kan cin yara 'yan wata 6 zuwa 23 rukunin abinci takwas ce, ana son aƙalla biyar: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran ganye da 'ya'yan itace. Tsohuwar ƙa'idar ta 2008 huɗu ce cikin bakwai, kuma tana nan cikin tsofaffin kundaye da ɗalibai ke kwafa, a kula. Miyar kuka da zogale da alayyafo suna rukunin bitamin A, kuɓewa da tumatir suna na ƙarshe, daddawa da ɗan garin kifin da aka barbaɗa don ɗanɗano ba a ƙirga su. Ranar da ta biyo bayan suna ko biki ko Sallah ba ta nuna cin yau da kullum. Game da jarirai 'yan ƙasa da wata shida, tambayar "nono zalla kike ba shi?" ba ta da amfani. A tambayi ruwa da zuma da rubutu da jiƙo ɗaya bayan ɗaya.

Mun shigar da alƙaluma cikin WHO Anthro, manhajar Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafin awon yara, kowace yamma, yadda za a iya komawa gidan da aka yi kuskure tun ana tuna shi. Abu biyu nake dubawa: ko watanni sun taru a 12 da 24 da 36, da ko awon wani ɗalibi yana yawan ƙarewa da 0 ko 5. Duk biyun alamar kintace ce.

Darasin iyaye mata mun yi shi a makarantar Islamiyya, kuma mun taƙaita shi kan abu ɗaya da tambayoyin suka nuna: kunun yara ya yi ruwa da yawa, hatsi ne kawai a ciki. Muka haɗa garin Tom Brown a gabansu: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, da gwangwani ɗaya ake auna duka. Waken suya a jiƙa, a cire ɓawo, a shanya ya bushe sarai, a soya kowane daban tunda ba lokaci ɗaya suke nuna ba, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, sannan a kai inji. Laimar Legas ba ta barin gari ya daɗe kamar a Kano, saboda haka a yi kaɗan-kaɗan a rufe a roba mai murfi. Kaurin kunu ya zama wanda zai zauna a cokali ba ya zuba. Ɗan wata 6 zuwa 8 a fara da cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, ana ƙarawa har rabin kofi mai mililita 250. Daga wata 9 sau uku zuwa huɗu. Bayan shekara kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa cikakke, a kwanonsa shi kaɗai don a ga abin da ya ci. Mun yi musu tambayoyi kafin darasi da bayansa kamar yadda kwas ya tanada, amma wannan tunawa kawai yake aunawa. Bayan mako biyu 'yan matan rukuninmu sun koma wasu gidajen da safe, suka nemi a nuna musu kunun da aka dama wa yaro, suka ɗiba da cokali, kuma da wannan muka rubuta sashen tantance tasirin darasin.