Hannun Goggo da wayata, yau Talata

Hunturu ya sauko sosai yau, ko alwala Goggo ba ta iya ba sai da Inna ta ɗumama mata ruwa. Yatsunta sun ɗashe fari fat, can suka koma shuɗi-shuɗi, da jini ya dawo kuma zogi har da hawaye. Likitanta na Kano ya ce sanyi ne ke sa ƙananan jijiyoyin jini tsukewa, shi ya sa ya ɗora ta kan nifedipine, maganin buɗe jijiyoyin jini, ya ce kar ta rabu da safar hannu. Sikiloroderma ke damunta, irin mai shiga har cikin jiki, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa, fata ta yi tauri ta ɗame har baki ya tsuke. Ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka, amma har yau a garin nan akwai masu ware mata kwano.

Da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo da wayar ɗanta, wai ga wani mai magani a TikTok yana warkar da taurin fata cikin sati biyu, a tura kuɗi kawai a sako a mota. Da Hausa yake magana tiryan-tiryan, da sallama da addu'a, Goggo ta kalla har ƙarshe kuma na ga ranta ya biya. Ni gargaɗin likita ne ya faɗo min, cewa kar ta kuskura ta sha haɗin da ba a san me ke ciki ba, don magungunan rage kumburi irin su prednisolone in suka yi yawa suna iya taɓa ƙodar mai wannan ciwo, jini ya hau farat ɗaya. Na ce Goggo ki yi haƙuri mu fara tambaya tukuna. Ta ce to 'yar nan, ai ke ce mai karatun.

Wallahi maganar ta yi min nauyi. Bayan azahar na fita bakin titi inda sabis ya fi kamawa na sa data na hau bincike, bayanai kam ga su nan jingim amma duk Turanci ne, ni da na yi makaranta ma sai na maimaita layi kafin na gane, ina ga Goggo? Na karanta cewa busasshen tari da haki ba abin wasa ba ne, alama ce a duba huhu, ƙwannafin da ke hana ta barci kuma daga maƙoshi ne, a ɗaga kan gado, a riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, kar a kwanta da an gama ci. Na kuma samu wani gurup a Facebook na masu ciwon, yawanci matan Ingila da Amurka, dama mata ya fi kamawa, har rana ake ware masa duk 29 ga Yuni. Suna ba juna baki gwanin sha'awa, sai dai shawararsu safar hannu mai batir da na'urar ɗumama ɗaki, mu da ko caji sai an kai shago.

Abin da ke ci min rai ke nan, masu ilimin ciwon suna rubutu da Turanci, masu neman kuɗinta ne suka zo mata da Hausa. Kuma ko an fassara a rubuce ba zai ishe ta ba, yatsun ba sa miƙewa balle ta danna waya. Saƙon murya take buƙata, ko ɗan gurup na WhatsApp da nas ko likita a ciki, inda mai ciwon daga Gumel za ta ji muryar 'yar'uwarta ta Bichi.

Da magariba na ba ta labarin matan nan, ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce, wai in tambayar mata su da me suke shafa hannu in ya tsattsage. Ƙanina ya sa bulo biyu a ƙafafun gadonta ta wajen kai. Gobe in Allah ya kai mu zan raka ta a auna mata jini, in kuma rubuta tarin da take yi a takardar da za mu kai wa likita.