Daren da na tsara tafiya da iskar damina, na tashi cikin iskar hunturu

Tun ina yaro nake zuwa rakiyar alhazai filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ya sa da na samu kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta X-Plane 11, hanyar da na fi bi ita ce Kano zuwa Jidda da dawowa. Kimanin kilomita 3,400 ce, ta saman Chadi da Sudan, a haye Bahar Maliya. Da Boeing 737-800 nake yinta. Daga baya na sayi Active Sky, manhajar da ake ɗora wa a kan wasan domin ta kawo yanayi na gaskiya: gajimare, iskar sama, zafi da kuma nisan da ido zai iya hange. Lissafin hanya da na mai kuwa a SimBrief nake yi, wanda kyauta ne.

Wani dare a watan Agusta, ana tsuga ruwa a waje, sai na ji marmarin sauka Kano cikin hazo. Active Sky tana ajiye yanayin kwanakin da suka wuce, don haka na mayar da ita wata rana a tsakiyar Janairu. Na buɗe SimBrief na sa OEJN zuwa DNKN, wato Jidda zuwa Kano, Abuja a matsayin filin ko-ta-kwana, na danna ya fitar min da takarda. Ya ce awa huɗu da 'yan mintoci, iska kuma tana bayana. Na zuba man da ya faɗa, ban ƙara ko kilo ɗaya ba, na tashi.

Abin da ban kawo a rai ba shi ne, SimBrief bai san na koma Janairu ba. Da iskar wannan daren na Agusta ya yi min lissafi. Kuma a wannan hanya bambancin ba ƙarami ba ne. Da damina, iska mai ƙarfi a can sama tana tahowa ne daga gabas, daga wajen Indiya ta ratso ta saman Sudan da Chadi, saboda haka mai dawowa daga Jidda tura shi take yi. Da hunturu abin juyewa yake: a tsayin ƙafa 35,000 iskar yamma ce ke kaɗawa, ta fi tsanani a wajen Masar da Bahar Maliya. A ƙasa muna shan iskar arewa maso gabas mai ɗauke da ƙura, a sama kuwa wata dabam ce ke tafiya gabas. Ban taɓa sanin haka ba sai a daren nan.

Ina haye Bahar Maliya na fara ganin alama. Takardar SimBrief tana nuna man da ya kamata ya rage a kowane zango, ni kuma nawa ya gaza da 'yan ɗaruruwan kilo. Na ce hawa ne ya ci. A tsakiyar Sudan giɓin ya kusa tan ɗaya. Sai a lokacin na dubi kusurwar allon hanya inda ake nuna iska, na ga kibiya ta nufo hancin jirgi, gudunta ya kai kilomita 100 a awa. Jirgin nan yana shan kusan tan biyu da rabi na mai a kowace awa, saboda haka ƙarin minti arba'in da biyar a sama ya kusa tan biyu. Kashi 5 cikin 100 da ake ƙarawa don abin da ka iya tasowa ba zai toshe wannan ba.

Na janyo rahoton METAR na Kano, wato rahoton yanayin da ake ciki a filin jirgi, daga cikin Active Sky. Ga DU, alamar ƙura, ga nisan gani mita 800. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san irin safiyar nan da rana ke fitowa fari fat kamar wata, ana soke tashin jirage. Na yi lissafi a bayan takarda: zan iya isa Kano, amma in na sauko ban ga titi ba na sake tashi, man da zai kai ni Abuja ya bar min ajiyar minti 30 ta ƙarshe babu shi. Akwai hanya mai sauƙi, in buɗe shafin mai in ƙara tan uku jirgi na sama. Raina bai ba ni ba, domin in na yi haka to me ya sa na sayi manhajar yanayi tun farko? Na karkata na sauka N'Djamena, ita ma cikin hazo, sai dai da sauƙi. Na sha mai, na sake takarda, na ƙarasa Kano wajen ƙarfe uku na dare.

Washegari na zauna na bincika, na gano SimBrief yana karɓar fayil ɗin yanayin da Active Sky ke ajiyewa a kwamfuta. In ka loda masa shi, da wannan iskar zai yi lissafi, ko ta yau ce ko ta wata shida baya. Yanzu ba na taɓa SimBrief sai na fara buɗe Active Sky, na tsayar da rana da lokaci, na jira ta gama sauke komai. Agogon ma akwai tarko: rahotannin yanayi da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke tafiya, Najeriya tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku. Sannan nakan kashe yanayin kai-tsaye na shi kansa wasan, don kada hannu biyu su riƙa juya tuwo ɗaya.

Na kuma daina tsayawa a METAR kaɗai. Shi abin da ake ciki yanzu yake faɗa, ni kuwa sai bayan awa huɗu zan iso. Rahoton TAF, mai hasashen awa 24 zuwa 30 a manyan filaye, shi ne ke gaya maka ko ƙura za ta ƙaru kafin ka zo. Filin ko-ta-kwana ma na daina karɓar duk wanda aka zaɓa min ido rufe, domin hazon da ya rufe Kano sau da yawa ya rufe Kaduna da Katsina, wani lokacin har Abuja.

Makon da ya biyo baya na maimaita tafiyar, ranar Janairu guda, lokaci guda, amma da fayil ɗin a ciki. Takarda ta ba ni kusan awa biyar da ƙarin tan biyu na mai. A saman Darfur na gwada abin da ke tanki da abin da ke rubuce, bambancin bai kai kilo 100 ba. Fitilun titin Kano sun ɓullo daga cikin ƙura ina dab da tsayin da dole in yanke shawarar sauka ko sake tashi, na ajiye shi.