Kwaɗo kafin hular kwano: abin da ya kamata a koya wa foman

A masana'antun Kakuri da Kudenda da garejojin walda na Panteka a Kaduna, idan aka ce za a horar da masu kula da ma'aikata, abin da ake fara jerowa shi ne hular kwano da safar hannu da takalmi. Suna da amfani, amma su ne matakin ƙarshe cikin biyar. Na farko a kawar da haɗarin ɗungurungum. In ba hali, a musanya shi da abin da bai kai shi illa ba, ko a kange shi da murfi ko shinge, ko a sake tsarin aikin. Bayan nan ne ake zuwa kan kayan sakawa. Safar hannu kusa da inji mai juyawa ita kanta haɗari ce, don da ta maƙale sai ta ja hannun ciki.

Inda ya kamata horon ya daɗe shi ne kashe inji kafin gyara, domin a nan wuta biyu muke sha. Makanike ya ga an ɗauke wuta, ya zura hannu yana gyaran bel, can baya mai janareta ya tayar ya juya canjoba (makunnin da ke sauya wuta daga NEPA zuwa janareta), ko wutar NEPA ta dawo ba sallama. "Ai na ce kada kowa ya kunna" ba kariya ba ce.

Ga yadda ake yi. A tsayar da injin ta maɓallinsa, a sauke babban makunnin da ke ba shi wuta, mai gyara ya ɗana kwaɗonsa da kati mai sunansa, makulli a aljihunsa. In mutum uku ne ke aikin, kwaɗo uku. Sannan a sauke ƙarfin da ya saura: a saki iskar kwamfuresa, abin da haidirolik ya ɗaga a sauke shi ƙasa ko a tokare shi. Daga nan a danna maɓallin kunnawa a ga ko zai motsa, in aikin waya ne a sa mita a auna. Wannan gwajin shi aka fi tsallakewa, alhali shi kaɗai ke tona asiri idan makunnin wani injin aka kulle. Lokacin canjin aiki kuwa, mai karɓa ya sa kwaɗonsa kafin mai tashi ya cire nasa.

Wuri na biyu da ya kamata horon ya daɗe shi ne shiga rami: sokawe, rijiya, tanki. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. In na'ura ta nuna ƙasa da 19.5, ba shiga. Zura fitila a ga ko za ta mutu dabara ce marar tabbas, ba ta nuna guba, kuma tana iya kunna gas ɗin da ya taru. Iskar sokawe mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa, kashe hanci take yi, mutum ya ɗauka warin ya tafi. Mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya, wani ya tsaya a baki ba ya gusawa, kuma a nanata masa: in na ciki ya faɗi, janyo shi za a yi, ba a bin sa ciki. Bin sa ciki ne ke sa gawa ɗaya ta zama uku. Famfo mai shan fetur ba ya shiga rijiya saboda hayaƙinsa. Duro ko tankar da ta ɗauki fetur kuma, fankonta ya fi cikakkiya fashewa, don tururin ne ke kamawa. Ba walda sai an wanke an auna.

Sauran a taƙaice. Tsani mai tsayin mita 4, gindinsa ya ja baya mita 1, kansa ya zarce inda za a taka da mita 1. Kada a cire murfin giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, kuma lambar gudun da ke kan faifai kada ta gaza ta injin. In sai an ɗaga murya ake jin juna a tazarar mita 1, ƙarar ta kai wajen desibel 85, a toshe kunne. Ƙuna, ruwan famfo na minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, da kai rahoton rauni cikin kwana 7. Rahoton daga hannun foman yake farawa, don haka ya riƙe littafi, ya rubuta har wanda aka tsallake rijiya da baya: rana, inji, abin da ya faru, gyaran da aka yi. In lebura ya ce "Oga, wayar nan tana ja," aka yi masa tsawa ko aka yanke masa kuɗin yini, gobe shiru zai yi.