Batirin da ke yawan mutuwa: yadda muke bin sawun matsalar

Aikina gyaran wutar mota ne. Ina da ɗan shago da yara masu koyo a hannuna, muna kuma sayar da batir. Cikin kukan da ake kawo mana babu wanda ya kai "batirina ba ya riƙe caji" yawa, kuma galibi mai motar ya gama yanke hukunci tun daga gida: a ba shi sabo ya wuce. Da son samu zan bi, sai in miƙa masa in karɓi kuɗina. To amma ba za a daɗe ba zai dawo, sabon ma ya mutu, yana cewa jabu na sayar masa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin sau da yawa batirin nan wani abu ne ya kashe shi.

Kafin in ɗauki mita, wato na'urar auna wuta, tambaya nake fara yi. "Ranka ya daɗe, yaushe take ƙin tashi? Sai ta kwana, ko ko da ka kashe ta yanzu ma? Kwanan nan an sa mata rediyo, ko tiraka, ko kyamara? Tafiyarka ta kullum mai nisa ce?" Motar da ke lafiya lau in ana hawa kullum, amma ta mutu da an ajiye ta kwana biyu, akwai abin da ke shan wutarta a ɓoye. Wadda fitilunta ke dushewa ana cikin tafiya, caji ne ba ya shiga. Rabin aikin a bakin mai motar yake, in dai an bar shi ya yi magana.

Daga nan sai batirin. Ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da wajen bolt 2.1, shi ya sa cikakke mai lafiya ke nuna 12.6 in ya huta. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. In ka ga wajen 10.5 bayan an yi masa caji, ɗaki guda ya mutu, babu sauran magana. Amma ba a auna shi da zarar an kashe mota, don wutar da ke samansa takan yi ruɗi. A kunna manyan fitilu na ɗan lokaci, a kashe, sannan a auna. Sai in sa yaro ya murɗa makulli ina kallon mita. Batirin da aka cika, ya kuma faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juya inji, ya gaji. Kawunan batir ma abin dubawa ne: farin garin nan da ke taruwa a kansu, ko kan da ya yi sako-sako har yana juyawa a hannu, ya isa ya hana mota tashi alhali batirin garau yake.

Caji ba ya cin lokaci. Inji na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, a kunna fitilu da fanka a ga ko zai tsaya. In ya ƙi hawa, a duba bel tukuna kafin a kwance altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki. In ya haura 15, dafa batirin yake yi, har a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu ce ke rage caji da kanta, don haka ƙaramar lamba a irinsu ba lallai ciwo ba ne. Abu ɗaya na hana a shagona: cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta. Dabarar zamanin da ce, a motar yau tana iya ƙone kwamfuta.

Inda sana'ar take, kuma inda ake gane mai haƙuri, shi ne neman abin da ke satar wuta mota na kashe. A zare makulli, a rufe komai, a cire kan negatif, a sa mita tsakanin kan da wayarsa, a kan ma'aunin amfiya 10. Daga nan kada wanda ya murɗa makulli, in ba haka ba fiyus ɗin mitar ya tafi. Sai jira. Motar zamani ba ta yin barci nan take. Wata sai ta kai rabin awa ko fiye kafin na'urorinta su kwanta, kuma buɗe ƙofa kaɗai ya isa ya tashe su a koma farko. Yara ba sa son wannan zama, sun fi son a gan su da sifana a hannu. Bayan ta kwanta, abin da take ja bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05.

Lissafin nake nuna wa mai mota, don shi ke gamsar da shi. Ƙwan fitilar but mai wat 5 yana jan wajen amfiya 0.4. In makunninsa ya lalace ya kwana a kunne, a awa 24 ya sha kusan Ah 10 daga batir mai Ah 60 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Kwana uku, rabi ya ƙare, kuma babu wanda ya gan shi tunda but a rufe yake. Muna zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, sai mu bi layin. Galibi abin da aka ƙara wa motar ne daga baya, wani ya jona shi kai tsaye da wutar da ba ta ɗaukewa. In an zare fiyus duka lambar na nan daram, sai in cire babbar wayar bayan altaneta. Dayod ɗin da ke cikinta, wanda aikinsa hana wuta komawa baya, in ya lalace yakan bar ta ta koma cikin dare, alhali da rana altanetar na caji kamar ba komai. Wannan kam ya sa mutane da yawa sun sayi batir a banza.

Akwai kuma motar da babu abin da ya same ta sai gajeriyar tafiya. Tayarwa na cin wuta mai yawa, tafiyar minti biyar ga fitilu ga na'urar sanyi ba ta biyan abin da aka ci.

Ko an gano matsalar, ba na sallamar mutum sai na gaya masa halin batirinsa. Irin wannan batir na darma da asid ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In ya zauna babu caji, wani gishiri yakan daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada. Don haka sai mu ɗora shi a kan caja a hankali ya kwana, mu sake gwada shi da safe. In ya tsaya, ya koma motarsa. In bai tsaya ba, a lokacin ne nake ɗauko sabo daga kanta.