Takin da ya kore mini abokin saiwa

Sana'ata renon dashe ce. Ni da ma'aikata huɗu muke tsirar da itatuwa da kayan lambu a leda, mu sayar wa masu gonaki. Abin da nake tinƙaho da shi a kayana kuwa ido ba ya ganinsa, sai an wanke saiwa an sa ta a ƙarƙashin madubin gwaji. Wata irin funfuna ce da ke zama a cikin saiwar, masana na ce mata maikoraiza. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, shi ya raɗa wannan suna a 1885, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa da ita suke zaune.

Zaman nasu na ba ni gishiri in ba ka manda ne. Sinadarin fosfaras, wanda tsiro ke buƙata don ya girma, ba ya yawo a cikin ƙasa. Da saiwa ta tsotse na kusa da ita, milimita ɗaya ko biyu, shi ke nan ta zauna a fako. Zaren funfunar kuwa ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, yana kutsawa ƙananan kafofin ƙasa ya yi nisan santimita da yawa, ya kwaso fosfaras da zinki ya kawo. Tsiro kuma ya biya da sukari da maiƙo, wani lokaci har kashi 20 cikin 100 na abin da ganyensa ya sarrafa. Funfunar ba ta iya hayayyafa in babu saiwa mai rai, don haka a tukwane nake kiwonta a jikin masara da albasa. Bayan wata huɗu in janye ruwa, in daddatse saiwar, in cakuɗa da ƙasar tukunyar. Ita nake zubawa cokali-cokali a kowace leda.

A shekarata ta uku na tafka kuskuren da har yau yake min ciwo. Ina so ganye ya yi shar ya ja hankalin mai saye, sai na ninka takin sufa, mai ɗauke da fosfaras, a haɗin ƙasar. Dashen ya yi kyau kamar ka sace. Wani dattijo ya ɗebi lemo da yawa, bayan wata biyu ya dawo riƙe da guda uku ya ce, "Ɗana, dashenka ya tsaya cak, ba gaba ba baya."

Na ce, "Baba, bar min su in duba."

Na wanke saiwoyin, na dafa su a ruwan sinadarin da ke wanke launinsu har suka yi garau, sannan na rina da tawada da ruwan binega. Saiwa mai lafiya in ka duba ta, za ka ga zare shuɗi ya ratsa ta, a cikin ƙwayoyinta kuma ga wasu 'yan bishiyoyi masu rassa, waɗanda a nan ake musayar. Waɗannan kuwa fes suke kamar gilashi. Babu ko zare ɗaya.

Ni na kori funfunar da hannuna. Idan tsiro na jin yunwar fosfaras, saiwarsa na fitar da wani sinadari, sitirigolakton, wanda ke sa zaren funfuna ya yi rassa ya nufo ta. Masu bincike a Japan ne suka tabbatar da haka a 2005, kuma wannan kiran ne dai ke farkar da irin wuta-wuta. In kuwa tsiron ya ƙoshi, sai ya rage kiran, ya tsuke hanyar shiga, ya rage sukarin da yake bayarwa. Wa zai sayi abin da aka zuba masa kyauta a bakin ƙofa? Lemon nan ya tashi a sangarce cikin leda, aka kai shi ƙasa mai ƙarancin fosfaras ba mataimaki, ga shi lemo ba shi da gashin saiwa sosai. Na maye wa dattijon dashensa duka.

Naitirojin nasa lissafin daban ne. Funfunar ma tana buƙatarsa, in ya yi ƙaranci sosai sai ta riƙe abin da ta samu, ita da tsiron su koma rige-rige. Shi ya sa nake ba da shi daidai misali, fosfaras ne kawai nake matse wa hannu. Ko kashin kaji na rage, don yana da fosfaras da yawa. Inuwar rumfa ma na sassauta, tunda tsiron da bai sha rana ba ba shi da sukarin biya.

Kabeji da alayyafo ba sa hulɗa da wannan funfuna, ba na ɓata irin funfunata a kansu. Wanda kuma gwajin ƙasarsa ya nuna fosfaras ya yi yawa, ina faɗa masa gaskiya cewa kayana ba za su ƙara masa wani abin kirki ba, ko da cinikin zai wuce ni.

Dashena yanzu bai kai na da tsayi ba, babban ma'aikacina har gobe yana ƙorafin haka in masu saye sun yi ta juya leda suna taɓe baki. Kafin kowane rukuni ya fita, nakan zari leda goma in rina saiwarsu. In ban ga shuɗin nan ya kama ba, rukunin ya ƙara sati uku a rumfa.